Allurar da Aka Fitar daga Firji

An yi wani mutum a wani ƙauye gabas da Ɗambatta, kullum da ɗigon jan zoɓo a hannun farar rigarsa. Shi ke riƙe da ƙaramin asibitin ƙauyen, kowa Likita yake ce masa.

A asibitin akwai firji mai aiki da hasken rana, don ajiye magani aka kawo shi. A ciki har da allurar da ake yi wa mai haihuwa idan jini ya ɓalle mata. Allura ce da zafi ke lalatawa, kuma ya sani sarai, an koya masa.

Sai shekarun tsada suka zo. Da bazara ta kama, mutumin nan ya kwashe alluran ya jera a kabad, ƙarƙashin rufin kwano. Ya cika firjin da zoɓon sayarwa, wanda matarsa Mairo ke dafawa a gida. Nababa mai amalanke har tsokanarsa yake yi: "Likita, wallahi zoɓonka ya fi allurarka aiki!" Shi ma ya yi dariya.

Ya 'yan uwa, mata suka fara mutuwa a hannunsa. A yi allura, jini ya ƙi tsayawa. Ya fito ya ce wa miji, "Sai haƙuri, kwana ne ya ƙare." Miji ya yi masa godiya. Godiya fa! Wace irin zuciya ce ke karɓar godiyar mutumin da ta mayar gwauro?

'Yarsa Luba tana aure a Bici. Aka kawo ta gida goyon ciki, haihuwar fari. Ya yi niyyar sayo sabuwar allura daga Kano, don ita kaɗai, yana ta cewa gobe. Naƙuda ta riga shi.

Da hantsi ta haifi namiji a asibitin, sai jini. Mairo ta ce, "Malam, yi mata allurar mana! Me kake jira?" Ya ɗauko kwalbar, ɗumi kamar daga toka aka ciro ta. Ya yi, ya ƙara. Luba ta ce, "Baba, sanyi nake ji."

Nan ya fito ya fasa ihu a gaban jama'ar da ke jira a waje: "Ba ta aiki! Ni na fitar da ita daga firji!" Kafin a samo mota, Luba ta cika.

Ya kai mai riƙe da ran mutane, amanar da ka ci a ɓoye ba ta tambayar 'yar wa ce a kan gado. Tsada ba hujja ba ce ranar hisabi. Me za ka ce wa matan can idan aka tashe su?

Maza suka tsaya a kansa, har da waɗanda suka taɓa yi masa godiya. Mairo ba ta dube shi ba. Ta kalli hannayenta da suka dafa zoɓon, ta rungumi jaririn, ta fice.

Allah ka tsare mu daga cin amanar marasa lafiya. Amin.