Jarkar Zuma a Tashar Mota

Akwai wani mutum mai kiwon ƙudan zuma a wani ƙauye a gindin dutse. Zumarsa ba ta da gauraye, amma kasuwar ƙauyen ƙarama ce. Sai ya fara sa hoton zumar a wani zauren saye da sayarwa na waya. Wanda yake so zai tura kuɗi, shi kuma ya kai kayan tasha, ya rubuta lambar wayar mai sayen a jikin kayan, ya ba direba. In direba ya isa sai ya kira lambar, mai kaya ya zo ya karɓa. Ba wanda ya taɓa ganin wani ido da ido. Sunan mutumin nan shi ne jarinsa.

Wata rana wata mata a birni ta sayi jarka guda domin mahaifiyarta mai fama da tari. Ya cika jarkar, ya ɗaure bakinta da leda, ya ba direba kamar kullum. Kwanaki suka wuce, matar ta kira shi.

“Malam, ina zumata?”

Ya ce, “Madam, ai na ba direba tun ranar kasuwa. Bai kira ki ba?”

Ta ce, “Ba wanda ya kira ni. Na ga hotonka, da furfura a kanka kake wannan sana'a? In ban ga kayana ba, zan sa hoton nan a zaure, in rubuta ɗan damfara a ƙarƙashi, kowa ya san ka.”

Zuciyar mutumin ta yi zafi, gama bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ya kuma san in ta yi haka, ba mai sake sayen ko cokali ɗaya a wurinsa. Yana da hoton jarkar a bayan mota, da ya so da ya tura mata ya ce shi ya fita daga maganar. Amma ya haɗiye fushinsa ya ce, “Kin biya, ba ki karɓa ba, dole ranki ya ɓaci. Ki ba ni zuwa ranar kasuwa mai zuwa, ranar da direban yake shigowa. In ban samo ta ba, zan aiko miki wata, ko in mayar miki da kuɗinki.”

Ta ce, “Haka dukanku kuke cewa.” Ta kashe waya.

Ranar kasuwa ya tafi tasha, ya tarar da direban yana cin ɗanwake a inuwar mota. Direban yana ganinsa ya ce, “Baba mai zuma, wannan matar taka ta birni, mutum ce kuwa? Na kira ta har katina ya ƙare. Ko uwar 'ya'yana, lokacin da nake nemanta, ban kira ta haka ba. Da farko tana katsewa, daga baya kiran ma ba ya shiga. Jarkar tana ofishin ƙungiyarmu a can, ƙarƙashin benci. Ba wanda ya taɓa ta sai tururuwa.”

Mutumin ya kira matar da tasa wayar, ya karanta mata lambar direban, ya ce ta duba ko ta san ta. Sai ta ce, a hankali, “Baba, an taɓa damfarata ta waya. Tun daga lokacin ba na ɗaukar baƙuwar lamba. Wannan kuwa da ta dame ni da kira, sai na toshe ta.”

Ya gaya mata inda jarkar take. Ashe tashar birnin ma ba ta da nisa da gidanta. Kafin mutumin ya bar wurin direban, ta je ta karɓo jarkar, ta roƙe shi gafara, ta rubuta a zaure cewa mai zumar nan mutumin kirki ne. Shi kuwa ya zauna kusa da direban, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a zubo masa ɗanwake shi ma, gama tun safe bai iya sa komai a bakinsa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, ba kowane abin da bai iso hannunka ba ne ya ɓata. Mai zumar nan yana koya mana yadda mai bin Ubangiji zai amsa in an zarge shi. Bai tsaya wanke kansa ba, ya tafi neman kayan. Ku masu sayar da atamfa da takalma ta waya, ku riƙe wannan.

Amma ni kam, matar nan ce ta fi tsaya mini a rai, domin na san irin tsoronta. Da maigidana Filibus ya rasu, kullum ina roƙon Ubangiji ya aiko mini da ta'aziyya, ina kuma cewa bai aiko ba. A kwanakin nan akwai wata mai sayar da itace, sunanta Rifkatu, sabuwa ce a zumuntar mata ta cocinmu, ban san ta ba. Takan zo ta yi sallama a ƙofata, in yi shiru har ta tafi. Na gaji da masu zuwa su ce mini in yi haƙuri. Ranar da na buɗe mata, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta zauna ta taya ni tsince wake. Muna cikin tsincewa ta ce ita ma ta binne nata mijin. Na yi kuka, ta bar ni na yi. Daga ranar abinci ya fara yi mini ɗanɗano.

'Yan'uwa, wanda aka taɓa cuta yakan rufe ƙofa, Allah kuma ba ya fushi da shi saboda haka. Yana ajiye abin, yana ta sa a kira. Sai dai ba kullum yake aikowa ta hannun wanda ka sani ba. Kafin ka ce ya manta da kai, ka duba wa ka toshe.