Jirgin da Aka Yi wa Malam Tsalha a Lambu

Tun da na dawo gida ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya. Rannan yawo ya kai ni tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, na tarar da samari sun kewaye Baba Ɗan'ige, wanda a da yake ɗaga wa jirgi tuta. Ya ce, "Kai mai kai-kawo, zauna ka ji wani abu." Na zauna. Ga abin da ya ba mu.

An yi wani direban jirgin kwal, sunansa Malam Tsalha. Da ya tsufa sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta ɗauke masa magana. Ya juya fuska bango, ya ƙi abinci, sai kurɓin koko da ƙyar. Likita ya ce magani ya yi nasa. In zuciyarsa ba ta tashi ba, da wuya ya ga damina. Abu ɗaya kawai yake yi: yakan ɗaga hannunsa mai lafiya ya ja wata igiya da babu ita, kamar yadda direba ke sa jirgi kuka.

'Ya'yansa uku suka ga haka, suka ce tunda ba zai iya zuwa wurin jirgi ba, bari jirgi ya zo lambunsa.

Namadi, autansu, yana aiki a ƙasar waje. Ya bi kasuwannin tsoffin kaya har ya samo ɗan kan jirgi, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, amma na gaske ne: a zuba masa ruwa, a kunna wuta, tururi ya tuƙa shi. Matacce ya same shi. Ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya koyi cikinsa har ya yi numfashi, ya ajiye aikinsa ya rungumo shi zuwa gida.

Lawwali, babbansu, mai walda ne. Layin roba da ya zo da jirgin, rana ta lanƙwashe shi tun a yinin farko, sai shi ya ƙera na ƙarfe. Na farkon ya yi faɗi, ƙafafun jirgin suka faɗa tsakiya. Namadi ya ce, "Yaya, layin jirgi aka ce, ba ƙofar garejin Alhaji ba." Lawwali ya auna tsakanin ƙafafun, ya yanke guntun ƙarfe daidai da shi, ya bi lambun da gwiwa yana gwada kowane taki, daga gindin mangwaro, ta bayan rijiya, har ya zagayo. Ya yi gada a kan kwatar ban-ruwa. Jirgi ya hau, ya tafi sumul.

Aka fito da tsoho a kujera. Jirgi ya wuce gabansa, ya dube shi sau ɗaya, ya kau da kai. Hawaye ya bi masa kunci. Maza biyun nan jikinsu ya mutu.

Hansatu, ta tsakiya, tela ce. Ita ce ke kai wa mahaifinsu abinci tasha tana yarinya. Ta durƙusa ta dubi jirgin daga ƙasa, ta ce, "Wannan ba jirgin Baba ba ne. Ya cika rama."

Lawwali ya ce, "Ke, ƙafa ta zauna a layi, me kuma ya rage?"

Ta ce, "Yaya, takalmi ya shiga, rigar ce ba tasa ba. Na ƙasar da aka samo wannan, layinsa mai faɗi ne, jikin ba ya wuce shi sosai. Namu layin siriri ne, jikin jibgege, ya yi lema ta kowane gefe. A inuwarsa nake tsayawa da kwanon tuwo."

Ba ta taɓa injin ba, ba ta taɓa layin ba. Ta yanka kwali kamar mai fitar da riga, ta gwada, ta ƙara faɗi da tsawo, sannan ta yanka a gwangwani ta ɗinke da waya, ta sanya wa jirgin wannan sabuwar riga. Ta ɗinka ɗan mutum da hular direba, ta ce duk abin da za a yi, ƙofa ko tarago ko rumfar tasha, a gwada da tsayinsa.

Aka sake fito da tsoho da hantsi. Namadi ya kunna wuta. Jirgin ya fito daga bayan rijiya, baƙi, mai ƙiba, yana rangaji a kan siririn layinsa, hayaƙi na bi ta cikin ganyen yakuwa. Baba Ɗan'ige ya ce yana wurin, kuma wallahi sai da ya ja da baya, don ganye ya koma masa daji, kwata ta koma kogi. Da jirgin ya hau gada, Malam Tsalha ya ɗaga hannu ya ja igiyarsa, jirgi kuwa ya yi kuka. Sai aka ji murya ta fito da ƙyar: "A ba shi hanya!" Ranar ya ci tuwo, har da neman ƙari.

Yana da wata fitilar hannu ta tagulla, mai ja da kore, wadda bai taɓa bari kowa ya riƙe ba. Ya sa aka ɗauko. Ya ce, "Ta wanda ya tashe ni ce." Ya miƙa ta, hannunsa yana kai-kawo tsakanin su ukun, ya kasa tsayar da shi.

Nan Baba Ɗan'ige ya tsayar da labarin, ya bar mu da gardama har la'asar. Ni da nake ganin na zaga duniya, na kasa yanke hukunci. To ku fa: tsakanin Namadi da ya kawo jirgin da rai, da Lawwali da ya shimfiɗa masa hanya, da Hansatu da ta mayar da shi jirgin ubansu, wa ya kamata ya karɓi fitilar?