Masan Zaman da Aka Kawo wa Malam Sharfuddeen

Akwai wani dattijo a Giyawa, ana ce masa Malam Sharfuddeen. Matarsa ta rasu, 'yarsa Rahinatu tana aure a Wurno, ɗansa Abdulganiyu kuma yana aiki a Abuja. Shi kaɗai ya rage a gidan, ga ciwon gwiwa da ya hana shi tsugunno.

Da Abdulganiyu ya ji irin wahalar da mahaifinsa ke sha a salga, sai ya sa aka gina masa banɗaki, aka ɗora tankin ruwa. Rahinatu ta kira shi ta ce, "Yaya, a sawo masai na zama irin wanda aka saidawa kasuwar Goronyo. In ya lalace, ko ina akwai kayan gyaranshi."

Ya yi dariya. "Ke mi kika sani? Wanda zan kawo ma Baba babu irinshi duk ƙasar nan."

Haka kuwa aka yi. Ya zo da wani masai ɗan ƙasar waje mai ƙyalli, tankinsa a ɓoye cikin bango. Ya ɗauki hotuna ya koma Abuja.

Bayan damina wani abu ya karye a cikin tankin masan, ruwa ya daina sauka, wari ya fara tashi. Mai gyara ya zaga Goronyo, ya leƙa har Sakkwato, bai samu irin abin ba. Duk sanda Malam ya kira ɗansa, sai ya ce, "Baba, a yi haƙuri, kayan na hanya."

Tsohuwar salgar kuwa an riga an cike ta. Kunya ta hana Malam shiga gidan maƙwabta, inda matan mutane suke. Sai ya rage cin abinci, ya rage shan ruwa. A hankali ya daina zuwa masallaci, ya daina zama ƙofar gida. Yakan wuni a ɗaki yana jin muryoyin mutane suna wucewa.

Ranar da Rahinatu ta zo duba shi, ta tarar da kwanukan tuwon da maƙwabta ke aikowa a jere, ba a taɓa ba. Shi kuma yana kwance, leɓensa a bushe. Ta kai shi asibiti, aka sa masa ruwa.

Abdulganiyu ya iso hankali tashe. "Baba, mi ya hana ka cin abinci? Mi ka rasa?"

Dattijon ya ce, "Ban rasa komi ba. Tsoro nike ji in ci, don ban da wurin zuwa."

Abdulganiyu ya fita ya jingina da bango ya yi kuka. Washegari shi da kansa ya shiga kasuwar Goronyo. Kafin ya ɗauki masan da ƙanwarsa ta faɗa, sai da mai shago ya nuna masa robobinsa da hannun jan ruwansa a kan kanta. Bai koma Abuja ba sai da aka kafa sabon masan, ya ga mahaifinsa ya cinye kwanon tuwo, ya nemi ƙari.

Darasi: Kafin ka sayi masai, ko duk wani abin da iyayenka za su dogara da shi, tambayi inda ake samun kayan gyaransa. Kada ka saya don a yaba maka, kai ka tafi, su su zauna da wahalar. Ku tura wa 'yan uwanku da suka bar tsofaffi a gida.