Ruwan da Ya Dawo Ɗakin Yaya

Akwai wani mai walda, irin mutanen nan da ba a koya musu gyara. Ko agogo ka kai masa sai ya ce zai iya. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai taurin kai, abin ba a magana.

Su biyu ne a gida, shi da yayansa da ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ke yi masa wanka, shi ke ba shi abinci a baki, shi ke juya shi. Katifar Yaya a ƙasa take, tun da ya taɓa faɗowa daga gado. Har dokin ƙofar banɗakin da ke cikin ɗakin Yaya Mai Walda ya fasa, don keken guragu ya riƙa shiga ba wahala.

'Yar Yaya tana aure a wani gari mai nisa, kuma kullum maganarta ɗaya, a ba ta mahaifinta.

"A gidan nan aka haife mu, a nan zai zauna," in ji Mai Walda.

"Na ji, Baffa," ta ce. "Amma ranar da na ga abin ya fi ƙarfinka, zan zo da mota."

Da damina ta kankama, ruwan rufi ya mayar da tsakar gida taɓo. Keken Yaya ya riƙa kafewa, fita shan iska ta gagara. Kwatar ruwan sama tana can bakin titi, sai an yi doguwar haƙa kafin a kai gare ta. Mai Walda kuwa a gajiye yake, bayansa ciwo, idonsa ja. Ga ramin bututun ƙazanta na hukumar gari nan kusa, a bayan banɗaki. Ya ɗaga murfin, ya haɗa fayif daga indararo, ya zura a ciki.

Tsakar gida ta bushe ƙayau. Maƙwabta suka gani suka yaba, ya bi su gida-gida ya yi musu irinsa, kyauta.

Ana nan sai ga wata ma'aikaciyar duba-gari, takalminta duk laka, muryarta ta dushe. Ta kalli fayif ɗin ta yi ajiyar zuciya.

"Malam, doka ta hana wannan. Bututun nan na ruwan banɗaki ne da na wanke-wanke kawai. Ruwan sama hanyarsa daban."

"Malama, ruwa ai ruwa ne. Duk ba ƙarƙashin ƙasa za shi ba?"

"Bututun siriri ne. Idan ya cika, baya yake dawowa, kuma gidan da ya fi gangare yake nema. A layin nan naka ne."

Mai Walda ya yi dariya. "To ki fara gyara mana kwatar titi tukuna, sannan ki zo ki koya min aikin fayif."

Ba ta ja da shi ba. Tun safe take wannan maganar a ƙofar mutane, ta gaji. Ta ce ya cire kafin ta dawo, ta wuce gida na gaba. Bai cire ba. Ni ma na san irinsu, kai ma ka sani.

Ranar da abin zai faru, da rana tsaka hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai Walda yana shago. Ya kashe injin, ya zauna yana kallon ruwa hankalinsa kwance, har yana cewa yau tsakar gidansa ba za ta ji komai ba.

Sai da aka ɗauke ya koma gida. Tun daga zaure wari ya tare shi.

Ruwan rufin layin gaba ɗaya ya cika bututun, ƙazanta ta yi baya, ta ɓullo ta ramin banɗakin Yaya. Babu dokin ƙofa da zai tare ta. Ta malale ɗakin, katifa ta sha ta ƙoshi. Yaya yana kwance a ciki, ya ɗaga kansa da hannunsa mai lafiya. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake a haka.

Innalillahi. Mai Walda ya sungume shi yana kuka. Ya wanke shi, ya sake wanke shi, ya fita ya ɓalle fayif ɗin da guduma. Sannan ya kira 'yar Yaya da kansa, bai ɓoye mata komai ba.

Washegari ta zo da mota. Ba ta ɗaga murya ba, kayan mahaifinta kawai take haɗawa.

"'Yata, na cire fayif ɗin," in ji Mai Walda. "Na maƙwabta ma yau zan cire."

"Baffa, ba wanda ya yi masa hidimar da ka yi. Amma ya isa."

Da aka sa Yaya a mota, Mai Walda ya durƙusa a bakin ƙofa ya riƙe hannunsa.

"Yaya, gaya mata a nan kake so."

Magana wuya take yi wa Yaya, sai ya daɗe yana tattaro ta. Ya dubi ƙanensa, ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai.

"Ka yi ƙoƙari," ya ce a hankali. "Amma na yi ta kiranka."

Aka rufe ƙofar mota.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta faɗaɗa bututu. Ruwan sama kwatarsa daban, ruwan banɗaki hanyarsa daban, kuma wanda ya zo ya gaya maka haka ba raina ka ya yi ba. Abin da ka zura ƙarƙashin ƙasa yana iya fitowa a ɗakin wanda ba zai iya tashi ya gudu ba. Jama'a, ku leƙa bayan gidajenku yau, ku kuma tura wannan labari ga maƙwabcin nan da ba ya jin magana.