Tabar Burgu Ta Ƙi Cin Wuta

An yi wani Burgu mai haɗama da wata Bushiya mai natsuwa, a wani gari da sunansa ya kuɓuce mini. Ku yi haƙuri, 'ya'yana, har wanda ya ba ni labarin na manta, sai dai ina tuna yana da yawan tari.

Su biyun suka yi tarayya a gonar taba. Tsoho Kunkuru, mai shan lofe, ya yi alkawarin rumbun gero, abincin rani guda, ga wanda tabarsa ta fi daɗi.

Gonar kuwa ba iri ɗaya ba ce. Kwarinta baƙar ƙasa ce inda shanu suka daɗe suna kwana, tudunta kuma rairayi ne.

"Kwari nawa ne," in ji Burgu. "Taki ma nawa ne, ai na fi ki ƙarfin ɗauka."

"Haba Yaya! Ƙasar da ta ƙoshi za ka yi wa ɗure?"

"Ke dai ji da ƙayarki, uwar iyayi!"

Kwando guda ya bar mata, sauran ya jibge a kwari. Bushiya ta bi kunya-kunya tana duban shuka. Inda ganye ya koɗe ta zuba tafi guda. Gindin tsohon suri kuwa ta wuce abinta, don ƙasar can ba ta jin yunwa.

Ganyen Burgu ya yi faɗin faifai, kore shar. Kullum sai ya leƙo yana dariya: "Ƙanwata, taba kika shuka ko yakuwa?"

Aka yanke, aka shanya. Kunkuru ya cusa ta Burgu a lofe, ya ɗora garwashi, ya ja, ya ja, har wuyansa ya fito waje gaba ɗaya. Ko alamar hayaƙi babu.

"Kai yaro, wannan taba ce ko jiƙaƙƙen tsumma?"

"Baba, ka dai duba girman ganyen!"

"Girman zan sha?"

Ta Bushiya kuwa nan take ta kama. Kunkuru ya lumshe ido, ya ce ta je ta buɗe rumbu. Ranin nan Burgu sussuka ya yi ta yi mata, tana auna masa abin tuwo.

Darasin wannan labari shi ne, haɗama ba ta barin mutum ya duba abin da ake buƙata. Gona ɗaya ma, kowane sashe da irin cikinsa. Daga baya na tambayi wani manomin taba, ya tabbatar mini cewa ganyen da taki ya yi wa yawa yakan daɗe bai nuna ba, kuma ba ya cin wuta da kyau.