Goma Sau Goma a Gonar Gado

Akwai wani manomi wanda mahaifinsa ya rasu ya bar gonaki biyu. Da dattawa suka raba gado, gonar da ta fi kyau ta faɗa wa ƙanensa. Abin ya tsaya wa manomin a rai. Duk kaka, in ya ga ana kai dammunan dawa rumbun ƙanen, sai abinci ya fita ransa.

Wata ranar kasuwa, da mutanen gari suka tafi cin kasuwa, ya je bakin hanya ya tuge ƙuduji, ciyawar nan mai kama saiwar dawa ta tsotse ta. Ya zaɓi busassu guda goma masu iri, ya cusa a buhu.

Matarsa ta gan shi, ta ce, “Maigida, ina za ka da wannan annoba?”

Ya ce, “Guda goma ne fa. Dami ɗaya ko biyu zai rasa, ya rage ɗaga kai.”

Ta ce, “Ka ji tsoron Allah. Cikinku ɗaya.”

Bai saurare ta ba. Ya je ya kakkaɓe su a gonar ƙanensa.

Damina ta farko, 'yan furanni ja-ja suka ɓullo nan da can, manomin ya yi murmushi. Amma kowane fure ya zubar da iri kamar ƙura, kowane iri kuma ya haifi nasa. Kafin 'yan shekaru dawa ta daina wuce gwiwa. Rumbun ƙanen ya zama wurin kwanan kaji, 'ya'yansa suka rame.

Ran nan ƙanen ya zo ya durƙusa a gabansa, ya ce, “Yaya, gonar Baba ta fi ƙarfina. Na san tun farko kai ka so ta. Ka riƙe, wataƙila hannunka ya fi nawa albarka. In na taɓa ɓata maka rai, ka yafe mini.”

Manomin ya karɓi gonar. Ƙanen ya kwashe iyalinsa ya shiga duniya neman abinci, bai sāke dawowa ba.

Haka manomin ya sami gonar da ya yi ta kwaɗayi. Ya tuge ƙuduji har bayansa ya tanƙware, bai taɓa cika kwando da dawa a cikinta ba. Ruwan sama kuma ya kwashi irin ya gangara da shi cikin tasa gonar ta asali.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin ya yi lissafin ƙari, alhali abin da ya shuka lissafin sau yake bi. Kun koya a makaranta cewa goma da goma ashirin ne, amma goma sau goma ɗari ne. “Sau” na nufin a ɗauki abu ɗungum, a yi ta maimaita shi, har ya ninka. Ɗarin nan ma in aka sāke cewa sau goma, ta zama dubu.

Ƙuduji shi ne mugunta, gonar kuwa gidajenmu ne da ikilisiyarmu. Kakan ce, “Ƙarya ɗaya ce kawai, tsegumi ɗaya ne.” Ka faɗa wa mutum goma, kowannensu ya faɗa wa goma. Ranar da ka yi nadama, baki nawa za ka bi ka toshe?

Allah yana gafarta wa mai tuba, wannan gaskiya ne. Amma ku tuba tun ƙudujin yana cikin buhu, ƙaunatattu, gama manomin nan ya yi kuka sau da yawa, kukan kuwa bai dawo masa da ƙanensa ba.