Katangar da Ta Tare Ruwa a Cikin Gida

Akwai wani mai sayar da tayoyin mota da 'yan kasuwa suka laƙaba wa Na-Sani, saboda ko me ka faɗa masa, kafin ka rufe baki zai ce, "Ai na sani." Jama'a, irin mutanen nan sai su sa maka hawan jini! Matarsa tela ce, kuma ita ta fi kowa shan wannan hali.

Da rani ya ga wani fili a bakin kogi. Ruwa ya ja baya, yashi fari tas, iska na kaɗawa. A ranar ya saya. Gaskiya niyyarsa mai kyau ce. Mahaifiyarsa ƙafafunta sun daina ɗaukarta, yana so ta riƙa zama a bakin taga tana kallon ruwa.

Da ya kai matar ta ga wurin, ita ba kogin ta kalla ba, gidajen maƙwabta ta tsaya dubawa.

"Maigida, ka lura kowane gida a nan sai an hau matakala kafin a shiga? Mu jira damina mu ga halin wurin mana. Ko mu tambaye su."

"Ai na sani. To Inna ce za ta hau matakala? Kuma in tambayi wa? Katanga zan ja, wadda ko kogin ya haukace ba zai tsallaka ba."

Ranta ya yi ta tafasa.

A gefen filin akwai wata siririyar hanya a cikin kwari, wadda matan unguwa ke bi zuwa wanki. Ta faɗo cikin rabonsa. Sai ya sa aka cike ta da ɓaraguzai, ya kewaye komai da katanga, doguwa har sai ka ɗaga kai. Maƙwabciyarsu ta zo har ƙofa tana roƙon ya bar musu ko da wurin ratsawa ne, ya ce ta zagaya, ai motsa jiki ne.

Matar ta ce, "Haba maigida! Hanyar nan a gangare take. Ruwan saman unguwa ta ina zai bi?"

Kun riga kun san amsar da ya ba ta.

Suka tare. Ɗakin Inna shi ne mafi kusa da kogi, daidai da ƙasa, ko dakali babu. Tun kafin damina ta kankama bango ya fara jiƙa, kayan mutane a kabad suka kama warin raɓa, keken ɗinki ya soma tsatsa. Sauro kuwa, kai, kamar biyansu ake yi! Duk abin da ta nuna masa, sai ya nuna mata taga ya ce, "Dubi kyau," alhali ba abin da ake gani sai katanga.

Ranar da aka yi ruwan gaske, da rana tsaka ne. Na-Sani ya hau kujera yana leƙen kogi ta saman katanga yana dariya. "Zo ki gani! Ko gindin katangar bai taɓa ba."

"Sauko ka ga bayanka, malam!"

Ruwan unguwa kaf ya gangaro yana neman tsohuwar hanyarsa. Da bai same ta ba, sai ya kutso ta ƙarƙashin get. Katangar da aka yi don ta hana ruwa shiga, ita ta hana shi fita. Gida ya zama kamar bahon wanki.

Matar ta ruga ɗakin Inna, ruwa har gwiwarta. Tsohuwa tana kan gado ta ƙanƙame carbi, katifa ta fara tsotsar ruwa. Na-Sani ya je ya tura get, ruwan waje ya danne shi, ko motsi bai yi ba. Ya tsaya yana juyi a tsakar gida, hannu a ka.

Wallahi a lokacin nan haushi ya fi tsoro yawa a zuciyarta. Ta haye kujerar da ya sauka daga kanta, ta leƙa gidan maƙwabciya, ta kurma ihu.

Maƙwabciyar nan da aka ce ta zagaya, ita ta fito cikin ruwa tana buga ƙofofi. Maza suka zo da guduma da diga, suka fasa katangar daidai inda hanyar take a da. Ruwa ya ɓalle da ƙara ya nufi kogi. Ta wannan ɓarakar suka fito da Inna a kan kujera, suka hau da ita matakalar gidan maƙwabciya.

Da aka lulluɓe ta da bargo, tsohuwa ta dubi ɗanta. "Ashe dai matakalar nan sai na hau ta."

Mijin maƙwabciya ya ajiye guduma ya ce, "Malam, ka san tun kafin a haife mu ta nan ruwa yake wucewa?"

Matar ta zuba wa mijinta ido, tana jiran ta ji. Ya buɗe baki, ya dubi ƙafafun mahaifiyarsa suna karkarwa, ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba."

Darasi: Kafin ka sayi fili ko ka yi gini a bakin ruwa, je ka gan shi da damina, ka dubi yadda maƙwabta suka gina nasu, ka tambaye su, kuma kada ka toshe hanyar ruwa ko ta mutane. Cewa "ban sani ba" da wuri ba ya rage wa kowa daraja. Ku tura wa duk wani Na-Sani da ke danginku, tun bai sa harsashin gini ba.